Ranar da Muka Ari Bakin Kwame

Cikin shekarun da na yi a shagon Masta Haruna da ke unguwar Mamobi, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wata Alhamis a azumin da ya biyo bayan korona. Lokacin ni ne mataimakinsa. Gyaran salula ne asalin aikinmu, amma a gefen tebur muna naɗa kwayil na sigarin lantarki, irin wanda ake kwancewa a sake ɗaurawa.

Ga wanda bai sani ba, kwayil siririyar waya ce da ake naɗawa a jikin ƙaramin sukudireba, a ɗaure ta a kan injin sigarin, a gwada da mita don kada ta fi ƙarfin batir. Sai a kunna a ga ta yi ja daga tsakiya zuwa gefe, a zura mata auduga, a jiƙa da ruwan da ake zuƙa. Mataki na ƙarshe shi ne ɗanɗanawa. Dokar Masta ce, kwayil ba ya barin shago sai an zuƙa an ji ba ya ƙauri, domin mita ba ta da harshe. Idan azumi ya zo, mu yi aiki da rana, mu ɗanɗana bayan shan ruwa, mai kaya ya karɓa kashegari.

Ran nan bayan azahar sai ga Baba Isaka, direban babbar mota mai zuwa Bawku. Mutumin nan ya sha sigari tun yana kwandasta, har ƙirji ya kwantar da shi a asibiti. Da ya tashi, da injin nan ya samu ya raba kansa da kwalin sigari, yana ta rage ƙarfin ruwan a hankali da niyyar barin komai. Ni ban taɓa cewa kayanmu magani ba ne, amma na ga Baba yana hawa matakalar masallaci ba ya tsayawa tari.

Ya ajiye injin ya ce, “Masta, ya ƙone. Yau-yau nake so, la'asar mota za ta tashi.”

Masta ya ce, “Baba, ka san tsarinmu a azumi. Sai gobe.”

“Gobe ina Kintampo. Ni na san kaina. In na sha ruwa abin nan bai yi ba, wallahi sigari zan saya. Kuma likita ya ce in na koma, ba shi zai gan ni ba, masu wankan gawa ne.”

Na zauna na naɗa kwayil, mita ta yarda, ya yi ja yadda ake so. Na zura sabuwar audugar da muka sayo a kasuwar Makola, na jiƙa da ruwansa mai ɗanɗanon mangwaro. A ido dai babu abin kushewa. Na ce, “Masta, mu ba shi haka nan.” Ya harare ni. Masta mutum ne mai taurin kai na ban haushi, ranar kam har na ji kamar in ajiye masa filayarsa in fita. Shi na azumi, ni na azumi, Baba na azumi, wa zai zuƙa?

Can Masta ya ce, “Kira mini Kwame.”

Kwame mai gyaran firji ne a kwantenar da ke jikin shagonmu, haifaffen Nima, mawaƙin coci. Duk layin an san yana busa sigarinsa a bayan kwantena, shi kaɗai ke zaton sirri ne. Amma akwai kara: in azumi ya kama, ko ruwa ba ya sha a gabanmu.

Da na faɗa masa buƙatarmu sai ya dafe ƙirji. “Ei, cale, abokina! Ni? Wa ya gaya maka ina shan hayaki?”

Na ce, “Bra Kwame, gindin sigarin da ke bayan kwantena, aljanu ke zubarwa?”

Ya dubi Baba Isaka, ya miƙo hannu. Muka sa masa sabon bakin roba ya zagaya baya. Mu kuwa muka jeru a bakin hanya mun juya masa ƙeya, Masta har da toshe hanci da hula don kada tururin ya taɓa masa azumi. Ba mu daɗe ba muka ji tari kamar zai amayar da hanjinsa. Ya fito da hawaye yana cewa, “Masta, wannan tsumman girki ne aka ƙona!”

Ashe sabuwar audugar ta fi wadda muka saba kauri. Ta cushe a cikin kwayil, waje ya jiƙe, ciki a bushe. Da mun ba Baba haka nan, abin da zai fara shiga maƙogwaronsa bayan dabino ke nan. Na ciro ta, na tsefe, na rage, na sake zurawa. Kwame ya koma baya yana ƙunƙuni da yarensu na Tiwi. Wannan karon ya daɗe har Masta ya daka masa tsawa, “Ɗanɗanawa aka ce, ba shanyewa ba!” Ya fito yana murmushi ya ce, “Mangwaro zalla.” Wata ajiyar zuciya da na sauke, sai da Baba ya yi dariya.

Bayan Salla Baba Isaka ya dawo mana da kwandon albasar Bawku. Ya laluba aljihu ya ɗora kwalin sigari a kan tebur, ledarsa ma ba a ɓare ba. Ya ce, “Tun a tasha na saya ran nan, don ban yarda da ku ba. Ya je Bawku ya dawo.” Kwame ya miƙa hannu, Masta ya buge hannun, ya fita da kwalin ya wurga a gota, wato kwata.

Shi ya sa nake gaya muku, ku masu koyon aiki, kada gaggawar mai kaya ta sa ku tsallake matakin ƙarshe. In ba za ku iya yi da kanku ba, ku leƙa shagon maƙwabci. Tun daga shekarar, duk azumi Kwame ke ɗanɗana mana, duk Salla kuma kwanonsa ake fara zuba wa abinci. Baba Isaka kuwa bara ya kawo mini injin ya ce in ajiye, ya daina gaba ɗaya. Ga shi can a saman kanta, ya yi ƙura.