Ranar da Kawu Ya Kira Maƙwabcina Ɗan Tsako

Har in bar duniya ba zan manta da rigimar da kalma ɗaya ta kusa tayarwa a gonar kawuna da ke wajen Garam ba. A lokacin akwai wani mutumin kudu da ke haya kusa da gidanmu a unguwar Magajiya a Suleja, yana sayar da kayan gyaran babur. Da kasuwa ta yi masa sanyi, sai ya roƙe ni in nema masa fili ya gwada noman doya. Na kai shi wurin Kawu, ya yanka masa gefe guda.

Ranar da muka je duba aikinsa, muka tarar tulin ƙasar da ya yi wa doyar ƙanana ne, wasu ma sun rushe. Kawu ya yi dariya ya ce, "Ai wannan ɗan tsako ne."

Mutumin bai ji Hausa sosai ba. Wani manomi da ke kusa ya yi karambanin fassara masa da Turancin buroka, wai tsoho ya ce shi kaza ne, matsoraci. Nan take ya yi jifa da garma.

"Ni mai 'ya'ya uku za a kira kaza?" in ji shi. Ya rantse ya bar gonar, ko da irin da ya kawo zai ruɓe. Kawu ya ga ana nuna shi da yatsa, shi ma ya murtuke. Manoma suka fara taruwa, kuma na san yadda faɗan ɗan gari da baƙo ke saurin zama wani abu daban a Suleja.

Na kama hannun mutumin na ce masa da buroka, "Maƙwabci, saurare ni. Tsako shi ne wanda aka ƙyanƙyashe kwanan nan, na kaza ko na zabo. Duk sabon shiga a sana'a haka muke kiransa. Ni ma da na fara koyarwa, da sunan nan malamai suka yi ta tsokanata. Babu maganar tsoro a ciki."

Gaskiya wasu kan faɗi kalmar da raini, ya danganta da murya. Amma na san Kawu, na kuma ji yadda ya furta.

Da na bayyana wa Kawu abin da aka fassara, sai ya riƙe baki. "Ni? Gaya masa ya ɗauki garmarsa ya tsaya bayana."

Da na gaya masa, sai mutumin ya sunkuya ya ɗauka. Har azahar tsohon yana tula ƙasa, shi yana kwaikwaya. A shekarar ya haƙi doyar da ta ciyar da gidansa, bai kuma bar noma ba har yau.

Tun daga ranar, idan na ji magana ta ɓata wa mutum rai, ba na ɗaukar gefe sai na tambaye shi abin da ya fahimta, na kuma tambayi mai maganar abin da ya nufa.