Ranar da Masu Duba Suka Zo Ofishin Sajan Ba-zama

A caji ofis ɗin babu mai kiranta da sunanta na yanka. Sajan Ba-zama ake ce mata, kuma sunan ya bi jiki. A tsaye take cin abinci, a tsaye take amsa waya, in ta zauna kuwa ƙafa ɗaya na rawa kamar mai taka keken ɗinki. Mijinta, direban motar asibiti, yakan ce ƙeyarta ya fi sani da fuskarta, don kullum fita take yi.

A bakin titi ta fara aiki, tana ba motoci hannu, rana ta gasa ta son ranta. Da aka buɗe sashen kare yara kowa ya noƙe, domin wuri ne da babu ƙarin girma sai ɓacin rai. Ita aka tura. Aka ba ta wani ɗan ɗaki a bayan ma'ajiyar kayan shaida, mai taga ɗaya da fanka mai kuka. Ta fitar da teburin, ta shimfiɗa tabarma, ta bar yara suna zane da alli a bango iya tsayinsu. A ɗakin nan furfura ta same ta. 'Ya'yanta har sun saba, ta dawo gida ta ɗaga musu riga ta duba bayansu ba gaira ba dalili.

A wurin kitso maganar wata yarinya ta same ta. Mai kitson tana cikin yi mata tsifa, can ta sunkuyo ta yi ƙasa da murya.

"Anti, akwai wata 'yar riƙo a gidan da nake haya. Na yi mata kitso na ga tabon wuta a wuyanta, sabo a kan tsoho. Gwaggonta ce take yi."

Sajan ta je gidan da kanta. Gwaggon ta tarbe ta da fara'a da ruwan sanyi, ta ce ai yarinyar ta je hutu wurin dangi. Ko takalmin yarinyar Sajan ba ta gani ba. Hanya ɗaya ta rage: mai kitso ta kawo yarinyar ofis ranar da gwaggon ta tafi sarin kaya, likita ya ga tabon, a raba ta da gidan. Mai kitso kuwa tsoro take ji, don gidan na mijin gwaggon ne. Sajan ta yi ta zarya tana lallashi har ta amsa.

"Duk ranar da kika samu sarari, ki kamo hannunta ki zo," in ji Sajan. "Ki ce ni na ce."

Ana cikin haka labari ya zo cewa masu duba na tafe. Hukuma ce mai zaman kanta, ba 'yan sanda ba, aikinta ta zagaya ta ga yadda ake aiki, musamman yadda ake kula da yara. Oga, shugaban ofishin, ya rasa inda zai sa kansa. Aka kwaso fenti, aka shafe zanen yaran tas, aka naɗe tabarmar, aka dawo da teburi har da furen roba a kai. Sajan ta yi magana, Oga ya ce ba shawara yake nema ba.

Akwai kuma wata tsohuwar ɗabi'a a ofishin, wadda ba a rubuta ta ko'ina ba amma kowa ya san ta: ranar baƙi ba a son cunkoso. Ɗan sandan bakin get zai sallami duk wanda ba jini yake zubarwa ba, ya ce ya dawo gobe. Wato a kori masu gida don baƙo ya ga tsakar gida fes. Sajan ta san da wannan sarai, amma hankalinta ya tafi ga bangon da aka shafe, ba ta tuna ta ja kunnen mai get ba.

Ranar duba aka ce kada ta motsa daga ɗakinta. Ta tsaya cikin kaki mai sitaci, warin fenti na hawa mata kai. Ta leƙa taga, ta dawo, ta sake leƙawa. Shugabar masu duban, wata dattijuwa mai tabarau, ta yi tambayoyi masu ma'ana, sannan ta dubi bencin da babu kowa.

"Sajan, yau babu yara ne?"

Oga ya riga ta. "Hajiya, ai alhamdu lillahi, unguwar tamu lafiya lau take."

Sajan ta haɗiye abin da ya zo mata baki, kuma ta ji haushin kanta.

Da motar baƙin ta fita, mai get ya shigo yana washe baki, yana jiran yabo. "Yau ko ƙuda bai wuce ni ba. Har wata mata ta zo da 'yar yarinya ta nace wai ke kika ce ta zo. Na ce mata Sajan ɗin ma yau ba ta kanta take ba."

Ba ta tsaya zaginsa ba. Ta tare babur, ta sauka tun bai gama tsayawa ba. A ƙofar gidan ta tarar da katifa da buhun kaya da kujerar kitso a waje, mai kitso na ɗaure tukwane da igiya. Wani ya gan su a bakin caji ofis ya kai wa gwaggon tsegumi. Gwaggon ta dawo a fusace, ta saka yarinyar a mota zuwa wani gari da ta ƙi faɗa, mijinta kuma ya ce mai kitso ta bar masa ɗakinsa.

Sajan ta durƙusa a gaban mai kitso. "Ƙanwata, wace tasha? Wace mota?"

Mai kitso ba ta ɗago ba, ta ja igiyar ta ƙulle.

"Ban sani ba, Anti. Ni dai na kamo hannunta na zo. Aka ce kuna da baƙi."