Yaya Rabi Ba Mai Haƙuri Ba Ce

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Rabi makwancinta a Gumel. Har yau in an ambace ta sai a ce, "Allah sarki, mai haƙuri." Na gode da addu'a, amma ban karɓi wannan shaida ba. Yayata ba ta taɓa haƙuri da jahilci ba, kuma ba zan bari a yi mata kwalliyar da ba tata ba.

'Yar maƙeri ce, malamar kimiyya a wata sakandaren 'yan mata. Ɗakin gwajinsu babu komai sai kujeru, don haka risho take ɗaukowa daga gida. Ta watsa gishiri a wuta, harshen ya koma ruwan ɗorawa. Ta cusa wayar jan ƙarfe, ya koma kore. Sai ta ce wa ɗalibai kowane sinadari da tambarinsa a cikin haske. Haka masana taurari ke yi, in ji ta: su tattaro hasken da ya taso daga wani gungun taurari mai nisa, su ratsa shi ta gilashi ya baje kamar bakan gizo, su karanta layukan da ke ciki, su san abin da ke can ba tare da sun je ba. In layukan sun gusa ɓangaren ja, to gungun ƙara nisa yake yi da mu. Da odar babbar mota a hanyar Maigatari take kwatanta wannan: tana tunkaro ka da kaifi, tana wucewa muryarta ta yi kauri.

Wata rana wani babba da ya zo duba makarantar ya tarar da ita tana wannan darasi. Ya ce, "Malama, wa ya hau sama ya gano miki? Ki koya musu abin da zai amfane su."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, mahaifina bai taɓa sa hannu a wuta ba, amma da launi yake sanin ƙarfe ya isa duka."

Ba a yi wata ba aka mayar da ita wani ƙauye a Sule Tankarkar. Dangi muka taru muka ce ta je ta ba da haƙuri, ai durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ni ƙaninta na fi kowa matsa mata, kuma har yau ina jin kunyar hakan. Ba ta je ba. Shekara shida tana bin hanyar nan a babur, damina da rani, har ciwon ajali ya kwantar da ita.

Yau hotunan waɗannan taurari suna yawo a wayar kowa. A majalisarmu ta Gagarawa, inda nake aiki, wani ya ce na'ura ce ta zana, wani ya tura wa jama'a bai karanta ba. Na san da tana nan, da duka biyun sun sha faɗa, don babu wanda ya tambayi yadda aka sani. Ita a wurinta gani ya kori ji, amma sai ka san yadda ake ganin.

Ba a sa wa ko aji ɗaya sunanta ba. Abin da ta bari shi ne matan da ta koyar: ɗaya na gwajin jini a asibiti, ɗaya na koyarwa a Maigatari, da yawa suna gidajensu suna renon 'ya'ya. Masu cewa ta ɓata shekarunta a ƙauye, su je su gwada yi wa matan nan ƙarya. Allah ya jiƙanki, Yaya.