Ihun da Na Yi a Minti na Tamanin da Tara

Ina cikin shekarata ta uku a Riyad, ina tuƙa motar wani kamfanin gine-gine, Kawu ya dawo gidanmu da zama. Ƙanin mahaifiyata ne, kuma shi ya yi mini hanya na shigo ƙasar. Sana'arsa ɗinkin kujerun mota, a wani gareji da ke Gubaira. Da kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya sayar da garejin, sai ya ce Kawu ya koma gonarsa can cikin sahara ya riƙa kula da tumaki. Kawu ya ce shi allura ya sani, bai san tunkiya ba. Bayan kwana uku mutumin ya kai rahoto cewa ma'aikacinsa ya gudu. Hurub ake ce wa abin a can. Duk wanda aka rubuta wa shi, iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ta tashi aiki, kuma ranar da ɗan sanda ya tambaye shi takarda, daga nan sai gidan da ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu.

Mu huɗu ne a gidan kafin zuwansa, a hawa na biyu na wani tsohon bene. Ginin na masu iyali ne, gwauraye ba su da hurumin zama a ciki. Babbanmu, wani Bazazzagi mai aikin lantarki da muke kira Oga, shi ya kama gidan tun matarsa tana nan. Da ta koma gida sai ya kwaso mu. Saboda haka dama can a ɗosane muke, ga kuma Kawu ya ƙaru. Wata bakwai ya yi bai taka ko bakin titi ba. Idan aka ƙwanƙwasa ƙofa, ko mai kawo tukunyar gas ne, sai mun tambayi ko wane ne kafin mu buɗe.

A ƙasan ɗakinmu akwai wani dattijo Balarabe da matarsa marar lafiya. Sau biyu yana hawowa saboda hayaniyarmu ta kallon ƙwallo. A karo na biyu ya ɗaga yatsa yana haki, ya ce na uku ba zai wahalar da gwiwarsa ba, waya zai ɗauka. Ban ga laifinsa ba a yanzu. A lokacin kuwa na yi ta zaginsa a zuciyata.

Daga ranar Oga ya kafa doka. Ana kallon ƙwallo, amma talabijin ba murya, mu ma ba murya. Kowa ya zo da matashin kansa ya rungume. Idan aka ci, ka cusa fuskarka a ciki ka yi abin da za ka yi. Ƙattai huɗu a kan darduma, kowa yana cizon matashi yana harba ƙafa a iska, wanda bai sani ba sai ya ce aljanu ne suka tashi. A cikinmu akwai wani ɗan Maraɗi da ba ya goyon bayan kowa sai wanda zai ci ƙungiyata. Shi ya ƙware da dariyar da ba ta da sauti, kuma ta fi mai sautin ciwo. Kawu bai san komai a ƙwallo ba. Yana gefe yana dafa mana shayi, ba ya ɗaga kai sai an nuno bencin 'yan canji, ya ƙura wa kujerunsu ido ya ce, "Wannan ɗinkin inji ne, ba zai kai shekara biyu ba."

A watan Disamba aka samu wani mai gareji da ya yarda zai karɓi Kawu, ya ce a ba shi mako biyu takardu za su gyaru. Kawu ya soma wasa almakashinsa. A makon ne kuma ƙungiyar da nake bi tun ina makarantar firamare za ta buga wasanta na ƙarshe a rukuni a gasar Turai. Lissafin ba wuya: in mun ci, mun shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale, in an yi canjaras, mun fita. Na yi kwana biyu ina tuƙi da wannan lissafi a kaina.

An take wasa tara saura kwata, bayan mun dawo daga Isha'i. Ana sanyi irin na Riyad, mai shiga ƙashi ba tare da ya yi sallama ba. Ba a yi minti ashirin ba aka zura mana ɗaya. Ɗan Maraɗi ya kwanta rigingine yana jijjiga, na ji kamar in shaƙe shi da matashinsa. Bayan hutun rabin lokaci muka farke. Na ciji nawa matashin har na ji audugar a haƙorina, Oga ya ɗaga mini babban yatsa alamar na kiyaye doka. Daga nan sai wasa ya tsaya cak. Mu kai hari, su fitar. Muka doki turke sau ɗaya. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba, ban kuma san lokacin da matashin ya faɗi ƙasa ba.

A minti na tamanin da tara muka samu bugun kwana. Aka ɗago ƙwallo, wani ɗan bayanmu dogo, wanda na shekara ina cewa a sayar da shi, ya taso daga baya ya sa mata kai. Raga ta motsa.

Na kurma ihu. Ba ƙaramin ihu ba, irin wanda ake yi a gidan kallo na unguwarmu a Kano, inda ba mai ce maka don me. Na yi tsalle na dire da ƙafa biyu a kan siminti, na sake yin wani, ƙafata ta kwashe farantin shayi, kofuna suka tarwatse. Sai da Oga ya damƙe mini baki ta baya sannan na tuna inda nake.

Ɗakin ya yi tsit. A talabijin 'yan wasa suna ta hawa kan juna, mu kuwa ba wanda ya motsa. Can sai muka ji muryar mace tana kuka daga ƙasa, siririya, sannan muryar dattijon. Ba da matarsa yake magana ba. A hankali yake faɗin sunan titinmu da lambar gini, yana maimaitawa.

"Ka kashe mu," in ji Oga, da murya ƙasa-ƙasa.

Na juya na kalli Kawu. Yana riƙe da buta, shayi yana zuba a kan darduma bai sani ba. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, duk ta zube.

Ɗan Maraɗi ya ce a fitar da shi ta titi ya shige masallaci. Oga ya ce an rufe masallaci, kuma a titin ne zai yi karo da motar sintiri. Babu inda ya rage sai saman rufi, wajen tankunan ruwa. Kawu ya miƙe, daga shi sai jallabiya mai shara-shara. Oga ya ce ya bar takalmi, kada a ji tafiyarsa a matakala. Na ce zan bi shi, Oga ya fizgo ni.

"Kai da aka ji muryarka har unguwar Malaz? Zauna nan, kai za ka buɗe musu ƙofa."

Na leƙa na ga ƙafafun Kawu suna hawa matakala ɗaya bayan ɗaya, yana dafa bango. Ko bargo ban tuna na miƙa masa ba.

Minti ashirin muka yi muna jira. Na tsince gilasan da hannu, ɗaya ya yanke ni ban ji ba. Na yi ta karanta duk addu'ar da na sani, ina fara wata ban gama wata ba. Sai shuɗin haske ya soma wulƙawa a labulen taga.

'Yan sanda biyu ne, matasa, ɗaya siriri ɗaya mai jiki. Na buɗe ƙofa na yi sallama, muryata ta fito kamar ta wani.

"Iƙama," in ji mai jikin. "Kullu wahid." Wato kowa ya kawo tasa.

Muka miƙa. Yana duba kowace a wata na'ura a hannunsa, yana kallon fuska yana kallon hoto. Ya tambaya mu nawa ne a gidan, Oga ya ce huɗu. Siririn kuwa yana ta zagaya ɗakin da ido. Ya tsaya a kan takalman da ke bakin ƙofa. Ƙafa biyar ne, na Kawu kuma sun fita daban, tsofaffin fata da shi ya ɗinka wa kansa. Ya taɓa su da bakin takalminsa ya kalle ni.

"Nawa ne," na ce da guntun Larabcina. "Na banɗaki."

Ya kalli ƙafata. Na fi Kawu girman ƙafa da lamba uku, ko makaho zai gane. Ya wuce ciki. Ya leƙa ɗakin kwana, ya leƙa kicin, ya buɗe banɗaki. Sannan ya fita zuwa matakala, ya ɗaga kai sama, ya kunna fitilar wayarsa. Ya hau ɗaya, ya hau biyu, ya hau uku. Ina tsaye a bakin ƙofa, ina jin fitsari yana neman ƙwace mini. Abin da kawai nake gani a idona shi ne Kawu ana tura shi cikin mota, ba takalmi, maƙwabta suna leƙe. Na buɗe baki zan yi magana, ban ma san me zan ce ba.

Mai jikin ne ya kira shi daga ciki. Ashe ana sake nuna ƙwallon da aka ci, ya tsaya yana kallo. Ya ce wa abokinsa ya zo ya gani, wallahi ɗan bayan nan ya ture mai tsaron gida, alƙalin wasa ne bai da ido. Siririn ya ɗan tsaya a mataki na uku, ya kashe fitila, ya sauko. Suka yi gardama a kan turin kamar minti biyu a tsakiyar ɗakinmu, mu huɗu muna tsaye kamar an dasa mu. A nan na san cewa an tashi wasa mun haye, kuma ban ji komai ba.

Suka sa Oga ya sa hannu a takardar alkawarin ba za a sake ba. Suka ce ginin na iyali ne, za a sanar da mai shi, kuma za su dawo su duba. Suka sauka. Amma motar ba ta tashi ba. Ta tsaya a ƙofar gini, injin yana aiki, hasken yana ta juyawa. Muna bayan labule muna leƙe. Sun kusa awa guda a wurin, ko rubutu suke yi ko hira, Allah kaɗai ya sani. Duk tsawon lokacin ina jin iska tana kaɗa ƙofar ƙarfe ta saman rufi.

Suna barin titin na hau da gudu. Na kira Kawu a hankali, shiru. Na zagaya bayan babban tanki, na same shi a tsugune tsakanin tankin da bango, a wani lungu da ko akuya ba za ta so shiga ba. Haƙoransa suna kaɗawa. Na zaro waya zan haska.

"Kada ka kunna," ya ce.

Na kama hannunsa, sanyi ƙalau. Ya yi ƙoƙarin miƙewa, gwiwoyinsa suka ƙi. Da na sunkuya na ɗago shi, sai na ji gaban jallabiyarsa a jiƙe, kuma ba ruwan tanki ba ne. Ya san na ji. Ya kau da kai gefe. Na goya shi na sauko da shi, mutumin da ya goya ni ina yaro ya kai ni kallon sallah. Na wuce da shi banɗaki kai tsaye, na ce wa su Oga su shiga ɗaki.

Na so ya zage ni. Na so ya mare ni a gaban kowa, da na samu sauƙi. Bai yi ko ɗaya ba. Washegari ya dafa shayi kamar kullum, ya miƙo mini nawa. Na durƙusa na ce, "Kawu, ku yafe mini." Ya ce, "Sha, zai huce."

Kwana biyu bayan haka, da muka idar da Asuba, na ga ya sa farar shaddarsa ya ɗaure jaka. Ya ce zai je ya miƙa kansa, a mayar da shi gida. Na tare ƙofa. Na ce saura kwana goma takarda ta fito. Na ce zan nema masa wani ɗaki, zan fasa talabijin ɗin a gabansa, ba zan sake kallon ƙwallo ba har abada. Ina magana ina kuka, ban ji kunyar kowa ba.

"Ɗana, matsa," ya ce. "Shekarata goma sha tara a ƙasar nan ban taɓa ɓuya wa mutum ba. Sun ce za su dawo. Ni kuma ba zan sake tsugunnawa a bayan tanki ba."

Na ce to bari in kai shi. Ya ce a'a, in aka gan mu tare za a ce ni na ɓoye shi. Ya sauka shi kaɗai ya tari tasi. Ina kallo ta taga har motar ta sha kwana.

Ya yi mako uku a tsare kafin a sa shi a jirgi. Ranar da ya isa Kano, Umma ta kira ni da yamma, ina cikin mota a bakin wani gini ina jiran ma'aikata. Ta ce Kawunka ya iso lafiya, ya rame, amma da sauƙi. Ta ce ya gaya mata sanyin ƙasar ne ya kama masa gwiwa, ya ga gara ya dawo. Ya kuma gaya mata yadda na riƙe shi wata bakwai, ban taɓa nuna masa gajiya ba, har goya shi na yi ranar da ƙafarsa ta ƙi. Ta yi ta sa mini albarka, tana cewa Allah ya ba ni masu yi mini kamar yadda na yi wa ɗan'uwanta.

Na ce amin. Har yau ban gaya mata ba.