Baba Onwuka, Mai Nema wa Fiyano Mazauni

Barguna, igiya, guntayen katako, tsohuwar darduma, da fiyano. Kayan da ke bayan a-kori-kurar ke nan da muka baro Suleja muka nufi Maje. Baba Onwuka yana tsaye a baya ya rungume fiyanon. Duk ramin da muka faɗa, ƙirjinsa ne ke fara sha.

Fiyanon na Mama Olufunke ne, malamata ta firamare, ta gaje shi daga mijinta. Ɗanta Ayobami ya gina mata sabon gida, ita kuwa ta kafa sharaɗi: in fiyanon bai yi muryar da ta sani a can ba, za ta koma ɗakin hayarta mai yoyo. Damina ta kusa, kuma Mama ba ta faɗin magana ta janye.

Na daɗe a waje wurin karatu, ban san akwai mai wannan sana'a a garinmu ba. Kullum da safe Baba yakan ɗaure jakarsa a babur ya bi coci-coci da makarantu. Ba makaɗi ba ne. Aikinsa ya nemo wa fiyano inda zai tsaya a ɗaki. A Tafa an shaida mini wani fasto ya dage sai an ajiye fiyano a ƙarƙashin taga. Baba ya ce rana za ta tsaga katakon, ya fita ya zauna a dakali har faston ya gaji.

Falon sabon gidan duk tayil ne da bango tsirara. Masu ɗaukar kaya suka cusa fiyanon a kusurwa, suka manna shi da bango. Kafin a ce me, wata 'yar'uwar Mama ta shimfiɗa masa leshi ta ɗora furen roba. Mama ta danna fiyanon. Sai ka ce kwanuka ne suka zube.

Ta rataya jakarta, ta dubi direbanmu. "Sadiƙ, kar ka kashe motar nan."

Na ce, "Baba, ka ji kuwa?" Bai waiwayo ba. Na ɗaga murya. Shiru.

Sadiƙ direba ya matso. "Anti, sai kin tsaya a gabansa. Ai kunnen ya tafi tun bara."

Ashe kurma muka ɗauko ya gyara mana sauti.

Baba ya tuɓe takalmansa. "Mama, zauna. Wannan ba firiji ba ne. Ta baya yake magana, kun toshe masa baki." Ya kwashe leshin da furen. Ya sa aka janyo fiyanon zuwa bangon ciki, wanda rana ba ta duka, aka bar rata a bayansa, aka shimfiɗa dardumar a ƙasa. Ya aika maƙwabta aka aro tabarma, ya rataye ta a bangon da ke fuskantarsa. Sannan ya kafa tafin hannunsa a bango.

"Danna."

Ta danna. Ya girgiza kai. "Sadiƙ, tura. Kai, ba ka ci tuwo ba ne?"

Sadiƙ ya tsaya a gabansa. "Baba, sai yaushe za mu gama turawar nan?"

"Sai Mama ta daina hararata."

A nan na gane. Da tafin hannu da tafin ƙafa yake ji, sauran kuma a fuskar mai kayan yake karantawa. Aka yi ta tura, aka yi ta ja. Can Mama ta danna, ba ta ɗage hannunta ba. Ta zarce da kiɗa, jakar ta zame daga kafaɗarta.

Kai ne, Baba, ka rasa abin da ake aikin da shi, ba ka rasa aikin ba. Mai ji da tafin hannu. Ka ce wannan ne na ƙarshe, ƙafa ma ta fara gardama. Mun gode. Masu kunnuwa biyu lafiyayyu da ke yin aiki sama-sama, su je su ga yadda kake yi tun kana nan.

Mama ta tashi ta kore mu waje, har da shi. "Ku gaya wa Ayobami na tare."

Ta rufe ƙofa.