Garwashin da Na Ɗiba a Tanderun Malam

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar maigidana, Malam Isiyaku, malamin firamare a wani ƙauye kusa da Tofa. Allah Ya jiƙansa. Duk shekara ina yi masa sadaka, amma akwai nauyin da sadaka ba ta sauke min ba.

A shekarun da kananzir ya yi ɓatan dabo, Malam ya ƙudurta haɗa madubin hangen nesa, don mutanen garinmu su riƙa ganin jinjirin watan azumi da idonsu. Gilashi mai kauri ya fi ƙarfinsa. Sai ya bi ajujuwa yana tsintar fasassun gilasan taga, ya wanke, ya jera a kaskon yumɓu, ya gina tanderu a bayan ɗakina. Zai narkar da su su dunƙule kamar faifai, sannan ya goge. Sau biyu gilashin yana tsagewa. A majalisa har tsiya suke masa: "Malam, dutsen ya dahu ne, mu zo shan romo?"

A karo na uku ya sayar da kekensa ya sayi gawayin ƙirya. Ya toshe bakin tanderun da laka, ya ce min, "Maman Hauwa, kwana uku zai yi yana hucewa. Iska kaɗan ta shiga, shi ke nan."

Washegari da hantsi yana makaranta, ƙannen babana suka yi sallama. Kara ya jiƙe, ashana ta ƙare. Na ji nauyin baƙi su zauna ba a ɗora tukunya ba, na kuma ji kunyar shiga maƙwabta ɗiban wuta, don matan sun sa ni gaba da zancen tanderun. Na ɓanɓare lakar, na ɗebi garwashi, na mayar na shafe. Ina juyawa na ji ƙas.

Ranar da ya buɗe ya tarar gilashin ya rabe gida biyu. "Ni ne ban iya ba," ya ce. Na ce, "Ƙaddara ce, Malam." Bai sake gwadawa ba. Shekara shida yana zuwa makaranta a ƙasa, ni kuwa na fake da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, har ya koma ga Mahaliccinsa.

Yau jikokinsa a waya suke kallon wata. Da yana nan zai yi murna, sannan ya tambaye su wa ya goge madubin.

Tanderun kuwa, damina ta cinye shi. Ɓari biyun nan suna cikin adakata, sun narke tas, ko kumfa ɗaya babu. 'Yan majalisar da suka rage, ku shaida: Malam ya iya. Ni ce na buɗe.