Buzun da Na Kasa Yin Salla a Kansa

Assalamu alaikum Edita. Shekara huɗu ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Sau biyu na rubuta wasiƙar nan na yage, don tsoron kada wani ya gane ni. Karatuna kuma iyakarsa firamare, sai a yi haƙuri da rubutun. Abin ne ya ƙi barin raina, shi ya sa yau na daure.

A lokacin ni tela ne a Wunti, ina da iyali da 'yar gonar gado a hanyar Zungur. Ni mutum ne mai yawan kokwanto, ko alwala sai in sake ta sau uku idan na yi shakkar ruwa bai kai gwiwar hannu ba. A shekarar ce Allah ya fara hore mini ragon layya. Tun yana ƙarami na sayo shi na ɗaure a tsakar gida, na kuma yi wa kaina alkawari ba zai ci komai ba sai abin da na san asalinsa.

Da farkon damina wani mutum da nake yi wa ɗinki ya zo shago da gwangwanaye a bayan babur, kowanne da ɗan tsiro a ciki. Ya ce rama ce, sabon iri daga kudu, shi ba shi da gona, in dasa a tawa, in ta yi mu raba. Ganyen a rarrabe yake kamar yatsun hannu, irin na ramar da na sani tun ina yaro. Ya ce in sa ta can tsakiyar masara inda mutane ba sa wucewa. Na ɗauka tsoron kambun baka yake yi, har na yaba masa.

Na dasa ta, ta yi yaushi kwana biyu, sannan ta miƙe. Daga nan ta ɗauke mini hankali. Kullum na rufe shago sai in je in tsuguna ina kallonta, har da tef ɗin ɗinki nake auna tsawonta. Ramar da na sani jikinta yana da 'yan ƙananan ƙayoyi, wannan babu. Bakin ganyenta kamar haƙoran zarto. In na murza shi sai wani irin wari ya kama mini yatsu, sabulu ma ba ya fitar da shi da wuri. Na yi ta jiran furen nan mai ruwan ƙwai da ja a tsakiya, shiru. Maimakon in tsorata, sai in riƙa mamakin ikon Allah, ina cewa lallai ramar kudu daban take.

Wata rana na ɗebo ganyen na kawo wa maiɗakina ta yi mana kwaɗo. Ta ɗanɗana a bakin harshe ta tofar, ta ce ramar da ba ta da tsami ba rama ba ce, ita ba za ta ɓata ƙuli-ƙulinta ba, in ba ragona in ina so. Na zuba masa ya shinshina ya kau da kai. Ni da ba na son asara sai na cuɗa masa da dusa, ya cinye. Haka na yi ta yi wajen mako biyar. Ragon da ke tunkuyi ya koma shiru, sai ya tsaya ya zuba wa bango ido kamar mai tunani, ga ci kamar ba gobe. Ni kuwa murna nake yana ƙiba.

Ranar Salla na yanka, na raba kashi uku yadda aka koyar. Cinya da hanta na aika wa limamin masallacinmu, wanda shi ya koya mini karatu. Fatar kuma na kai wa majemi ya yi mini buzun salla.

Bayan mako guda maƙwabcina na gona ya zo aron fartanya. Dattijo ne Kirista daga kudancin jihar, tsohon ma'aikacin gona. Ya biyo ni cikin masarar, ya ja ya tsaya.

"Malam Tela, ka san abin da ka dasa kuwa?"

Na ce rama ce ta kudu. Ya dube ni ya ce, "Wiwi ce. Da wani ne ya gani ba ni ba, yau ba a gida za ka kwana ba."

Tare muka tumɓuke ta. Na so in ƙona, sai na tuna hayaƙin zai bi iska ya shiga hancin bayin Allah, don haka muka haƙa rami muka binne. Mai gwangwanayen ya zo shago daga baya, da na fara maganar ya juya ya hau babur ɗinsa. Har yau ɗinkinsa na rataye bai dawo ya karɓa ba.

Ba gidan yari ne ya fi damuna ba, naman ne. Mutum nawa na ciyar? Na sami liman bayan la'asar na faɗa masa komai. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce hantar dai ta yi daɗi, kuma ya sha barci ranar, amma shi kowace Salla haka yake barci. Ya ce Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba. Na ce na taɓa ji a wa'azi dabbar da ke cin ƙazanta ana tsare ta kwanaki kafin a yanka. Sai ya ce ganye ba najasa ba ne, amma ko ƙarfinsa na shiga nama, wannan sai likitan dabbobi. Ni kuma na kasa zuwa wurin likitan, don zai tambaye ni inda na samo ganyen.

Yanzu in na waiwaya ina ganin an gargaɗe ni sau biyu: harshen matata ya ƙi, hancin ragon ya ƙi. Ni mai sake alwala sau uku ban kai ganye ɗaya wurin wanda ya sani ba, don kallon abin ya fi mini tambaya daɗi. 'Yan'uwa, kada ku dasa wa kowa abin da ba ku san sunansa da tabbaci ba, balle wanda aka ce ku ɓoye.

Roƙona ga malamai da likitocin dabbobi masu karanta mujallar nan: shin abin yana ratsa nama da fata? Layyata ta yi, ko in sake? Buzun yana nan a nannaɗe saman kwaba, ban taɓa ɗora goshina a kai ba. Don Allah wanda ya sani ya rubuto, in san ko in shimfiɗa shi ko in kai shi ramin nan in binne.